Ranar Hutun Yaya

Mu uku Inna ta haifa: Yaya, ni, sai Auta. Auta ne ya yi karatu a cikinmu, shi ne yanzu mai kula da direbobi a babbar tashar bas ta hukuma, direba arba'in da biyu ne a ƙarƙashinsa. A can Oga suke ce masa. Yaya yana cikin arba'in da biyun nan. Ni na goyi Auta har ya yi wayo, ni na share masa majina, saboda haka idan na faɗi abin da ya aikata kada wani ya ce ƙiyayya ce.

Gida ɗaya suke zaune. Auta da matarsa da Inna suna ciki, Yaya kuma yana ɗakin ƙofar gida tun bayan rasuwar matarsa. Ni gidana yana bayan layinsu, kullum da sassafe nake zuwa in gyara wa Inna ɗaki in ba ta magunguna. Don haka ba labari aka ba ni ba, da idona na gani.

Yaya yana da ciwon suga. Da aka raba wa direbobi sabon takalmin aiki, nasa ya matse shi, ya yi masa bororo a babban yatsan ƙafar dama. Bororon ya fashe ya ƙi warkewa. Likitan masu suga ranar Talata kaɗai yake zama a asibitin da aka ba su kati, daga safe zuwa azahar. Dalilin da ya sa ke nan Yaya ya roƙi a mayar masa da ranar hutunsa Talata, Auta kuma ya rubuta masa a allo da hannunsa, ya dawo gida yana faɗa wa Inna kamar wanda ya yi kyautar gida.

Talatar farko na zo da wuri don in raka shi. Na tarar ya yi wanka, ya sa farar riga, katin asibiti yana aljihun gaba. Muna cikin neman ledar da zai sa magungunansa sai ga Auta a bakin ƙofa, waya a kunne, makulli a hannu.

"Yaya, ka tashi lafiya? Wallahi an saka ni a tsaka mai wuya. Direban layi na tara bai zo ba, wai matarsa na naƙuda. Mutane sun cika tasha."

"To ai yau asibiti zan je, Auta."

"Na sani, Yaya, na sani. Zagaye biyu kawai za ka yi mini. Kafin ƙarfe goma na samo wani, ka sauka ka wuce asibitinka."

Na ce, "Direba arba'in da biyu, ba wanda za ka kira sai mai ciwo?"

Ya dube ni ya yi murmushi. "Ke ba ki san aikin nan ba. Duk wanda ke hutu wayarsa a kashe take."

Yaya ya cire farar rigar ya ninke ta, ya sa kakin aiki. Bai dawo gida ba sai bayan la'asar.

Daga baya na fahimci yadda abin yake. Idan direba bai zo ba, dole mai kula ya samo wanda zai maye gurbinsa kafin ƙarfe shida, in ba haka ba a fasa fitar motar ran nan, kuma duk motar da aka fasa a kan mai kula ake rubuta ta. Sauran direbobi sun san dawan garin, ranar hutunsu ko uwarsu ba ta samunsu a waya. Yaya kuwa ba shi da abin kashewa. Tsakanin ƙofarsa da ta Auta taku goma ne.

Talata ta biyu wani direba ya yi zazzaɓi. Ta uku wani ya tafi jana'iza. Ta huɗu ban ma ji dalilin ba, na dai zo na tarar da ɗakin a rufe, katin asibitin a kan taga. Kullum maganar ɗaya ce, zagaye biyu kawai, kuma kullum sai rana ta karkata yake dawowa yana ɗingishi.

Ni nake wanke masa ciwon da ruwan ɗumi da gishiri, don abin da na iya ke nan. Da farko kamar ƙwayar wake yake. Cikin wata guda ya haɗiye yatsan duka, gefen ya yi baƙi, safa tana manne wa ciwon sai na jiƙa ta kafin ta fita. Yaya ba ya ko cewa wash. Sai dai ya kama ƙarfen gado ya dubi rufi.

Na ce, "Yaya, ka ce masa a'a mana. Bakinka ciwo yake yi?"

"In na ce a'a wa zai kira? Yaro ne, yanzu ya fara hawa. Kada a ce a hannunsa aka fara fasa mota."

Yaron da yake magana a kai shekararsa arba'in da ɗaya, da tumbinsa.

Na kai ƙara wajen Inna. Tana zaune a tabarma tana jan carbi, ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Ke dai kina son haɗa faɗa. Ɗan'uwa ai rabin jiki ne. In babba bai rufa wa ƙaninsa asiri ba, wa zai rufa masa?"

"Inna, ƙafarsa ruɓewa take yi."

"Allah zai kawo sauƙi. Babanku ma ya yi irin wannan ciwon ya warke."

Baba bai taɓa yin irinsa ba, ita ma ta sani. Amma Auta ne ke cika mata kwano, shi ne ke sayo mata maganin hawan jini, kuma wanda ke cin abincin mutum ba ya iya kallon idonsa. Ba Inna kaɗai nake nufi ba. Ni ma yarana biyu Auta ne ke riƙe da karatunsu, shi ya sa duk zafin bakina a ɗakin Yaya yake ƙarewa.

Matar Auta kuwa da na taɓa mata maganar sai ta ɗaga hannu. "Ni fa ba ruwana da harkar aikinsu. Abin da zan roƙa kawai a riƙa rufe ƙofar ɗakin, don in baƙi suka shigo warin ne ke fara yi musu sallama." Washegari ta ware masa kwanonsa da kofinsa daban.

Wata rana ya manta magungunansa a gida, na bi shi da su tasha. Ban taɓa shiga ba sai ran nan. Fili ne babba mai warin man dizal, bas-bas a jere kamar shanu a turke, ga wani ɗan ofis mai gilashi a gefe. A bangon ofishin akwai farin allo, an ja masa layuka, sunan kowane direba da lambar layinsa da ranar hutunsa. Auta yana tsaye a gaban allon da alƙalami, direbobin da za su karɓi aikin rana sun yi sahu, yana bin ƙafafunsu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Dokarsa ce: ba mai hawa mota sai da rufaffen takalmi.

Yaya yana ƙarshen sahu. Ƙafar hagu cikin takalmi, ta dama cikin silifas, na naɗe masa ita da bandeji da safe.

Auta ya tsaya a gabansa. "Mene ne wannan?"

"Oga, ƙafar ce ta kumbura, takalmin ba ya shiga."

Oga. A gaban mutane haka yake kiran yaron da ya saya wa takalmin makaranta na farko.

Auta ya rage murya, amma ina kusa na ji. "Yaya, ka taimake ni. In na bar ka yau, gobe mutum arba'in za su zo mini da silifas, su ce ai ɗan'uwansa ma yana sawa. Kai ya kamata ka zama abin misali."

Yaya ya zauna a kan benci, ya ciro takalmin daga leda. Ya kwance igiyar duka, ya buɗe bakin takalmin da hannu biyu, ya tura ƙafar. Na ga gumi ya keto masa a goshi. Da ta shiga sai ya jima zaune idonsa a rufe, sannan ya miƙe ya nufi mota. Ni kuwa ina tsaye da ledar magani kamar an dasa ni. Na tsani kaina ran nan, har yau ban daina ba.

Wani tsohon direba da suke kira Birki, abokin Yaya tun suna samari, ya ja ni gefe.

"Ke ce ƙanwarsa ko? Ku ji tsoron Allah ku cire mutumin nan daga mota. Kin san zafin da ke fitowa ta ƙasan wajen totur? Injin yana nan gefen ƙafa. Mu masu lafiya ma in muka sauka ƙafarmu kamar an dafa ta."

"Ranar hutunsa ce ba ya samu."

Ya yi tsaki, ya nuna mini allon da haɓa. "Je ki duba. A allo duk Talata hutu yake. Doka ta hana direba tuƙi ranar hutunsa, saboda haka in ya hau motar wani, sunan mai motar ake bari. Wanda bai zo ba an rubuta ya zo, wanda ya yi aikin an rubuta yana gida yana barci. Su kuma 'yan iskan yaran nan sun gane. Duk mai son fashi sai ya bari sai Talata, ya san Oga yana da direba a ƙofar gida."

Ranar na tare Auta da ya dawo, a tsakar gida, gaban Inna.

"Talata mai zuwa ko sama za ta faɗo sai Yaya ya ga likita."

"In sha Allahu. Ni ma abin yana damuna. Kin ɗauka ba ni da zuciya ne?"

"To ka fasa mota ɗaya mana! Mota ɗaya!"

Ya ajiye jakarsa a hankali. "Kin san mutum nawa ke jiran motar nan? Masu zuwa aiki, 'yan makaranta, har da masu zuwa asibiti irinsa. Ke mutum ɗaya kike gani, ni dubu nake gani. Wata goma sha ɗaya ba a fasa mota ko ɗaya a tashata ba. Saura wata ɗaya in cika shekara, daga nan sai babban ofis. In na hau can, wa zai ci moriya? Ba ku ba? Shi kansa Yaya zan sauke shi daga tuƙi in ba shi kujera a ofis. Wata ɗaya kawai nake roƙo."

Inna ta ce, "Kin ji ko? Ki bar yaro ya huta, ya yini a tsaye."

Talatar da ta biyo baya na zo tun kafin gari ya waye sosai, na zauna a bakin ƙofar Yaya kamar mai gadi. Jikinsa zafi rau, ya kwana yana rawar sanyi, kumburin ya wuce idon sawu. Na ce yau ko a baya zan goya shi. Ƙarfe biyar da rabi Auta ya fito. Da ya gan ni sai ya leƙa ta saman kaina.

"Yaya, mutum biyu ne ba su zo ba yau. Na samu ɗaya. Wallahi in da akwai yadda zan yi..."

"Ba inda za shi," na ce.

"Ba da ke nake ba."

Yaya ya yunƙura ya zauna a bakin gado. Ya dubi Auta ya daɗe, ni kuma ina jiran in ji kalmar nan guda ɗaya ta fito daga bakinsa. Sai ya ce, "Miƙo mini takalmin."

Wajen ƙarfe tara Birki ya kira ni. A wata gangara kusa da kasuwa Yaya ya taka birki ƙafar ta ƙi amsawa, ya ce ji ya yi kamar ba tasa ba. Mota cike da mutane. Ya sauke giya, ya ja birkin hannu, ya goga tayar da bakin titi har ta tsaya. Ko ƙwarzane ba wanda ya yi. Fasinjojin da suka taso za su zage shi su ne suka ɗauko shi daga kan kujera, don ya kasa tashi.

A asibiti sai da aka yanka takalmin da almakashi. Nas ɗin da ta yanka ta kau da kai. Likitan ya duba, ya dube ni.

"Ke ce 'yar'uwarsa? Ina kuka shiga wata biyu? Da kun kawo shi tun yana yatsa, wanki da magani kawai zai buƙata."

Me zan ce masa, muna gida muna rufa wa juna asiri?

Kwana biyu bayan nan aka yanke ƙafar, ƙasan gwiwa kaɗan.

Auta ya yi kuka a barandar asibiti, kuka sosai har da shessheƙa, mutane suna ba shi haƙuri suna cewa Allah sarki, ga ɗan'uwa na gari. Ni ma na so in yarda da hawayen. Amma a kwana na biyar ya shigo ɗakin da Yaya yake kwance da wata takarda cikin fayil, Inna tana biye da shi tana dogara sanda.

Babban ofis ne suka aiko da tambaya: yaya aka yi direban da allo ya nuna yana hutu aka same shi a kan sitiyarin motar wani? Auta ya riga ya rubuta amsar, sa hannu kawai ya rage. Takardar ta ce Yaya da mai motar ne suka yi musanya a tsakaninsu ba da sanin mai kula ba, kuma Yaya bai taɓa sanar da ofis yana da ciwo a ƙafa ba.

Na ce, "Auta, ka san abin da wannan takardar take nufi? Korarsa za a yi a matsayin mai laifi. Shekara ashirin da takwas bai taɓa buge ko akuya ba."

"Tuƙin ai ya riga ya ƙare masa, ko da takarda ko babu," in ji Auta, idonsa a ƙasa. "In aka kore ni ni ma, wa zai riƙe shi? Wa zai riƙe Inna? Yaya, ni zan ɗauki nauyinka har ƙarshen rayuwa, wallahi tallahi. Ba abin da za ka nema ka rasa."

Inna ta matso ta dafa kafaɗar Yaya. "Babba, abin da ya faru ya faru, ƙaddara ce. Ƙafa ba za ta dawo ba. Kada a yi biyu babu. A bar kaza cikin gashinta."

Yaya bai karanta takardar ba. Ya karɓi alƙalamin, Auta ya tallafa masa fayil ɗin, ya sa hannu a inda aka nuna masa. Sannan ya juya fuskarsa bango. Inna ta ce Allah ya yi masa albarka.

A ƙarshen watan aka ba Auta takardar yabo mai firam, shekara guda cur ba a fasa mota ba, aka kuma ƙara masa tasha ta biyu a ƙarƙashinsa. Matarsa ta rataye ta a falo, saman talabijin. Masu zuwa duba Yaya ta nan suke bi su gaishe da Inna, ita kuma tana ce musu, "Ciwon sugan nan mugu ne, kun ga yadda ya cinye masa ƙafa. Shi ma da taurin kai, an yi an yi ya je asibiti ya ƙi." Tun tana faɗa da sanyin murya har ta koma faɗa da gaba gaɗi, ina jin yanzu ita kanta ta yarda haka aka yi.

Suga bai ci ƙafar Yaya ba. Masu suga nawa ne ke yawo da ƙafafunsu biyu a garin nan? A gidanmu aka cinye ta, da sallama da "don Allah" da "ka taimake ni", ba wanda ya taɓa ɗaga masa murya. Da baƙo ne Auta ya yi wa haka, da tuni ƙungiyar direbobi ta tsaya masa a wuya. Amma naka ba ya kai ƙararka, kuma Auta ya san da haka tun ranar da ya fara buga ƙofar. Ni da na gani na yi ta surutu a inda ba ya amfani, ban taɓa taka ƙafata na je babban ofis ba, ina da nawa kason. In na kwanta abin yana ci mini rai.

Yaya ya dawo ɗakinsa na ƙofar gida da sanduna biyu. Ba ya yawan magana. Yakan zauna a bakin gado ya buɗe taga, in bas ta wuce a babban titi ya bi ƙararta da kunne.

Wata safiya ina share masa ɗaki Auta ya tsaya a bakin ƙofa, ya yi shirin fita. Ya gaishe da Yaya, ya tambayi jiki, sannan ya juyo gare ni da fara'a.

"Yauwa, dama ke nake nema. Maigidanki har yanzu bai samu aiki ba ko? Akwai gurbin direba a wajenmu. Yana da lasisin babbar mota, in ban manta ba."

Tsintsiyar ta tsaya a hannuna. Wata bakwai ke nan mijina yana zaune, kuma na san in ya ji maganar nan ko takalmi ba zai tsaya sawa ba.

Na ce, "Lasisin ya mutu."

Daga tsakar gida Inna ta ɗaga murya. "Wane irin ya mutu? Ba watan jiya ya sabunta ba, har ya kawo mini na sa albarka?"

Auta ya yi dariya. "Kin gani? Ki turo mini shi gobe. Ga shi gidanku kusa, ko da wani abu ya taso ba sai an sha wahalar nemansa ba. Naka sai naka."

Ya duba agogo ya fita. Muka ji tashin motarsa.

Na ci gaba da shara don kada in yi kuka. Sai na ji Yaya ya kira ni, da irin muryar da yake kirana muna yara in zan taɓa wuta. Na juyo. Hannunsa yana kan dungulmin ƙafar, idonsa a kaina.

"Kada ki turo shi," ya ce. "Ko za ku kwana da yunwa, ki ce masa a'a. Ki faɗa da ƙarfi yadda Inna za ta ji. Ni ban taɓa iyawa ba."